Furojet ɗinka yana da tarihi kuwa?

Wannan rubutun na ƙannena ne 'yan ajin ƙarshe na Kimiyyar Kwamfuta da na Injiniya da aka raba wa taken furojet, da kuma abokan karatuna na digiri na biyu masu fama da Python ko R. Yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Babu hoto babu bidiyo a ciki, ba zai cinye muku data ba.

Ra'ayina shi ne, duk ɗalibin da zai rubuta manhaja a matsayin furojet, ranar da aka amince da takensa ya kamata ya buɗe rumbun Git, tun kafin ya rubuta layin kod na farko. Kuma ya kamata sassan karatunmu su riƙa neman ganin wannan rumbun kamar yadda suke neman kundin da aka ɗaure da bango mai kauri. Na san akwai masu ganin wannan ƙaƙale ne na 'yan Legas masu wuta da intanet a ɗaki. Ni kuwa ina ganin a duk ƙasar nan da wuya a samu waɗanda suka fi mu buƙatarsa, mu da ke karatu a Maiduguri.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Buɗe laftof ɗin ɗalibi a tsakiyar zango na biyu, za ka tarar da folda a jere: furojet, furojet_sabo, furojet_final, furojet_final2, wanda_malam_ya_gyara, wannan_ne_na_gaske. Tambaye shi wanne ne ke aiki, sai ya ce bari ya duba. Shafin shiga yana aiki a ta uku, rahoto yana fita a ta biyar, amma babu guda ɗaya da komai ke tafiya tare a cikinta. In aikin rukuni ne kuwa, nan ake yin ta. Wannan ya turo nasa ta WhatsApp, wancan ya kawo nasa a filash, wanda ya fi kowa haƙuri ya zauna tsakar dare yana kwafa yana liƙawa, ya danne aikin kwana uku na wani bai sani ba. Da safe a yi ta rantse-rantse. Ga kuma filash ɗin da aka kai shagon buga takardu ya dawo da bairos ɗin nan mai ɓoye folda. Tunda na fara digiri na biyu ƙanne ke kawo min irin waɗannan laftof ɗin in duba, kuma yawanci matsalar ba rashin iya kod ba ce. Yaron ya iya. Abin da bai sani ba shi ne me ya canza tsakanin jiya da abu ke aiki da yau da ya ƙi.

Wannan ciwon shi Git ke wa magani. Manhaja ce ta kyauta da ke zama a cikin foldar aikinka. Duk lokacin da ka gama wani ɗan mataki sai ka ce mata ta adana, ta ɗauki hoton yadda aikin yake gaba ɗaya, ta haɗa da sunanka da lokaci da ɗan bayanin da ka rubuta. Wannan shi ake kira komit. Bayan wata uku kana iya komawa kowane komit ka ga aikin yadda yake a ranar, ko ka kwatanta biyu ka ga layukan da suka bambanta, layi-layi. Folda ɗaya tak, amma duk tsofaffin suna ciki.

Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland ɗin nan da ya fara Linux, shi ya rubuta ta a watan Afrilun 2005, bayan masu aikin Linux sun rasa damar amfani da BitKeeper kyauta, wato manhajar da suke adana aikinsu da ita a lokacin. Cikin 'yan watanni ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano. A lura, Git daban, GitHub daban. GitHub shafi ne na intanet da ake ajiye rumbunan Git, an buɗe shi a 2008, Microsoft ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5. Akwai irinsa kamar GitLab da Bitbucket. Yara da yawa suna haɗa biyun, shi ya sa suke cewa "ai ba ni da data." To ga inda maganar ta shafe mu.

Manhajojin da suka gabace ta, irin su Subversion, sai ka kai ga babbar kwamfutar da ke riƙe da tarihin kafin ka adana komai. Babu layi, babu adanawa. Git kuwa an gina ta ne ta yadda kowane mutum yana riƙe da cikakken tarihin a kwamfutarsa. Komit ba ya buƙatar intanet. Duba tarihi ba ya buƙata. Komawa baya ba ya buƙata. Turawa GitHub da jawowa daga can kaɗai ke son layi, kuma abin da ya canza kawai take turawa, a matse. Kod rubutu ne zalla, aikin mako guda sau tari bai kai nauyin bidiyo ɗaya na status da kake kallo kana jiran malami ba.

Mu ba sai an yi mana bayanin rashin layi da rashin wuta ba. A watan Mayun 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa. Muna sakandare a lokacin, garin nan ya yi makonni babu ko kira. A Janairun 2021 aka fasa turakun wutar da ke kan layin Damaturu, aka gyara a watan Maris, ba a yi mako guda ba aka sake fasa su, muka shafe watanni masu yawa a duhu. Wanda ya yi furojet a shekarar ya san darajar batir mai awa biyu. In awa biyun nan ce duk jarinka a rana, bai kamata rabinta ya tafi wajen neman wace folda ce ta gaskiya ba.

Sai kuma 10 ga Satumbar 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Gwange, Kasuwar Monday, fadar Shehu, har Asibitin Koyarwa, duk ruwa ya shiga. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Laftof ba komai ba ne kusa da rai, kuma wanda ya fita cikin dare da yara a kafaɗa bai tsaya neman jakar makaranta ba. Amma bayan ruwa ya janye rayuwa ta ci gaba, aka koma aji, aka sa ranar difens. A nan ne bambanci ya fito tsakanin wanda aikinsa ke wuri ɗaya da wanda ke da kwafi a wani wuri. Ina jaddada wannan domin Git da ke zaune a laftof ɗinka kaɗai ba madogara ba ce. In na'urar ta tafi, tarihin ya bi ta. Sai ka tura shi waje. In babu data ma akwai dabara: git bundle create furojet.bundle --all zai dunƙule duk tarihin ya zama fayil ɗaya, ka tura wa abokinka ta Xender ko ka zuba a filash ka ajiye a gidan wani ɗan'uwa a wata unguwa. Daga wannan fayil ɗin ana iya dawo da aikin gaba ɗaya da git clone.

Farawar ba ta kai minti ashirin ba. Ka sauke Git, ka gaya mata sunanka da imel ɗinka da git config, domin su ne za su riƙa fitowa a kan kowane komit, saboda haka sa sunanka na gaskiya, ba laƙabin da kake amfani da shi a nan ba. Ka shiga foldar aikin ka buga git init. Daga nan rayuwarka ta koma git add, git commit, da git push in an samu layi. Wanda baƙin allon nan ke ba tsoro, VS Code da GitHub Desktop suna yin duk wannan da danna maɓalli. Wurin da na ga an fi maƙalewa shi ne turawar farko. Tun watan Agustan 2021 GitHub ta daina karɓar kalmar sirrin asusu wajen turawa, sai dai ka ƙirƙiri token ko makullin SSH, ko ka bar manhajar ta buɗe maka shafin shiga. Mutum ya sa kalmar sirrinsa daidai sau biyar ana ƙi, sai ya ce abin ba ya aiki ya watsar. Yana aiki.

Bayanin komit kuma, don Allah. "Gyara", "gyara 2", "ƙarin gyara" ba su gaya wa kowa komai, har kai kanka bayan sati biyu. Rubuta abin da ka yi: "gyara lissafin GPA in ɗalibi yana da kariyoba". Da Hausa ko Kanuri ka rubuta, Git ba ruwanta, sai dai ka tuna mai jarrabawa na waje wataƙila Turanci kaɗai zai karanta.

Tsarin folda shi ma tun ranar farko ake yin sa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ba wani abu mai wahala ba ne. Kod a folda ɗaya, yawanci ana kiranta src. Zane-zane da takardun bayani a docs. Gwaje-gwaje a tests, ko da guda uku ne. Sai fayil ɗin README a bakin ƙofa, wanda zai gaya wa baƙo mene ne wannan aikin, me zai sauke, wane umarni zai buga ya tashi. Masu Python ku ajiye requirements.txt. Kuma a daina rubuta hanyar fayil irin C:\Users\sunanka\Desktop a cikin kod, domin ranar da aikin ya koma wata kwamfuta komai zai tsaya cak.

Masu PHP da XAMPP, ku ne mafi yawa, ku saurara da kyau. Teburan bayananku ba sa cikin htdocs, suna can cikin MySQL, Git ba ta ganinsu sam. Ka adana kod ɗinka tsaf, laftof ta mutu, ka dawo da kod ɗin ka tarar babu teburi ko ɗaya. Shiga phpMyAdmin ka fitar da tsarin teburan a fayil ɗin .sql, ka sa shi cikin rumbun, kuma duk sanda ka ƙara ko ka cire shafi a teburi ka sake fitarwa. Kundin rubutu na Word kuwa Git za ta adana shi, amma ba za ta nuna maka bambancin layi-layi ba kamar yadda take yi wa kod. Duk da haka gara yana ciki. Mu 'yan digiri na biyu da ke rubutu da LaTeX mun huta ta wannan ɓangaren.

Akwai kuma abin da ba ya shiga rumbu, shi ne amfanin fayil ɗin .gitignore. Irin su node_modules da venv tarkace ne da ake sake saukewa, su ke kumbura aiki su cinye data, ga shi GitHub ma ba ta karɓar fayil ɗin da ya wuce 100MB. Mafi hatsari su ne kalmomin sirri da makullan shiga. Git ba ta mantuwa. Ka sa abu a komit yau, ka goge gobe, yana nan a tarihi ga duk mai iya dubawa. A 2016 an sace bayanan mutum miliyan 57 daga kamfanin Uber, kuma maharan sun samu makullan shiga ne a cikin kod ɗin kamfanin da ke GitHub. Manyan injiniyoyi ke nan masu albashin dala.

Mu a nan akwai abin da ya fi makulli nauyi. Furojet da yawa a garin nan kan shafi asibiti, ko rajistar 'yan gudun hijira, ko rabon tallafi. Ka je ka roƙi bayanai, an ba ka bisa amana: sunaye, lambobin waya, ƙauyen da mutum ya baro, cutar da ke damunsa. Wallahi irin wannan bai kamata ya hau intanet ba ko a rumbu na sirri. Akwai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, amma ko babu doka, ka san abin da sunan mutum da sunan ƙauyensa za su iya jawo masa in suka faɗa hannun da bai dace ba. Ƙirƙiri bayanan bogi na gwaji ka sa a rumbun, na gaskiyar su zauna a waje.

Aikin rukuni ba zan ja shi ba. Kowa ya yi nasa a reshensa, ya jawo na sauran kafin ya fara aikin ranar, a haɗe a kai a kai, kar a bari sai ƙarshen zango. In mutum biyu suka taɓa layi ɗaya Git za ta tsaya ta nuna muku duka biyun ta ce ku zaɓa. Ba lalacewa ba ce, abin da a da ake gogewa shiru ne yanzu aka nuna muku. In laftof ɗaya ce gare ku ku huɗu, kamar yadda aka saba, git commit yana karɓar --author, kowa ya sa sunansa a kan abin da ya rubuta.

Yanzu ga dalilin da ya fi damuna, wanda ya sa na ce sassan karatu su shigo ciki. Kowa ya san ana sayen furojet a jami'o'in ƙasar nan. Ba sirri ba ne. Tsarin kula da makaranta, tsarin kula da asibiti, tsarin zaɓe ta intanet, a canza suna da launi a miƙa. Tunda ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuma ba sai ka biya kowa ba, cikin yamma ɗaya za ka samu abin da ke tashi a allo. Abin da ake karɓa a hannunmu, kundi da kwafin kod, ƙarshen tafiya kawai yake nunawa. Kuma ƙarshen tafiya shi ne ya fi komai sauƙin saye.

Tarihin Git kuwa tafiyar kanta yake nunawa. Malami ya buɗe git log na minti biyar ya ga aiki ya faro a Nuwamba da shafi ɗaya mummuna, ya ga inda aka gwada wata hanya aka fasa, inda aka yi sati biyu ana kokawa da kuskure ɗaya. A ranar difens ya tambaya: a watan Maris ka raba wannan teburin gida biyu, me ya sa? Wanda ya yi aikin murmushi zai yi, domin ya tuna daren. Wanda ya saya kuwa, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Kuma ni ba kama masu saye ne ya fi min muhimmanci ba, kare masu gaskiya ne. Akwai ɗalibin da ya yi aikinsa da hannunsa amma bakinsa na rawa a gaban kwamiti, sai wani mai zaƙin baki da ya sayo nasa ya fi shi maki. Akwai wanda ya ɗauke aikin rukuni a kansa, sauran suka bayyana ranar ɗaukar hoto. Sai 'yan'uwanmu mata. Sau nawa muka ji an ce "wani ne ya yi mata" da zarar aikin ya yi kyau? 'Yar'uwa, in kina da komit na wata shida da sunanki a kai, kuma kina iya bayanin kowanne, ba sai kin yi musu da kowa ba. Ki juya musu allon.

Na san abin da za a ce. Ana iya yi wa kwanan watan komit ƙarya. Gaskiya ne, Git tana barin mutum ya sa ranar da ya ga dama. Amma ƙirƙiro wata shida na kurakurai masu kama da gaske, sannan ka haddace dalilin kowanne, ya kusa kai wahalar yin aikin. Ba zai kashe cinikin ba, zai dai sa shi tsada da hatsari. Za a ce malamai aiki ya yi musu yawa, mutum ɗaya da ɗalibai rututu. Shi ma gaskiya ne, sai dai duba tarihin nan ya fi karanta babi na huɗu sauri nesa ba kusa ba. Inda nake tare da masu suka ɗari bisa ɗari shi ne in aka ce za a ba da maki bisa yawan komit. Ranar da aka yi haka yara za su riƙa komit a kan kowace waƙafi, kuma za a zalunci wanda ya yi yawon tattara bayanai ko ya zana tsarin a takarda. Tarihin abin yin tambaya ne, ba sikeli ba.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ba a koya mana ba, kuma ba kowa ke da laftof ba. Ba adalci ba ne a wajabta abu a ajin ƙarshe ba tare da an nuna shi a aji biyu ba. Zama ɗaya ko biyu a ɗakin gwaji ya isa a koyar da abin da na lissafa a sama, ƙungiyoyin ɗalibai ma za su iya shirya shi ranar Asabar ba sai an jira an canza manhajar karatu ba. Mai aron laftof kuma shi ya fi kowa cin riba, domin duk na'urar da ya samu sai ya jawo aikinsa, ya yi, ya tura, ya mayar wa mai ita. A wayar Android ma Git tana tafiya ta cikin Termux, ba daɗi amma tana yi.

Masu tsoron a sace musu aiki in sun ɗora: tun Janairun 2019 GitHub ke ba da rumbu na sirri kyauta. Ka rufe shi, ka gayyaci 'yan rukuninku da malamin da ke duba ka kawai. Bayan difens, in babu abin da ya hana, ka buɗe. Wanda zai ɗauke ka aikin kod daga nesa, ko shiri irin Google Summer of Code da Outreachy, abin da ka taɓa yi suke son gani, kuma ta Git ake mu'amala da su.

Abu na ƙarshe, kuma a yi shi saura mako guda ba daren difens ba. Ka sa wa komit ɗin da za ka gabatar alama da git tag, domin ko ka ci gaba da taɓe-taɓe ka san inda za ka koma. Sannan ka ari laftof ɗin wani wanda bai taɓa ganin aikin ba, ya yi git clone, ya bi README ɗinka kai kuma ka yi shiru, hannunka a aljihu. In ya ƙi tashi, fara duba wurare uku: fayil ɗin .sql da ba a sabunta ba, wata laburare da ka sauke tun tuni ba ka rubuta sunanta ba, ko hanyar nan ta C:\Users da ta ɓuya a wani lungu.